Lissafin Mai Gadi a Apapa

Ƙarfe biyun dare. Tireloli na haki a layi,
ni da tocila da ƙafa ɗaya da rabi
ina ƙirga simintin Alhaji Ɗanƙaro.
Buhu dubu huɗu za su hau jirgi da asuba
zuwa garin da ba a taswira na san shi ba.
Na san shi da ƙaurin taya,
da gadar da muka ruguza wata Laraba
don kada mutuwa ta hayo mana da ƙafa.

Yanzu an ba da kwangilar gadar.
Wanda ya sayar mana da nakiya,
ƙanensa ne ke sayar da rodi.
Dama ta fasa tulu,
hagu ta kafa rumfar tukwane a bakin rijiya.

An ce gemun maƙwabci ne ya kama da wuta.
Haka ne, na ga wutar, har ta lashe ni.
Abin da ban gani ba a lokacin
shi ne mai riƙe da rasit.

Saje Barau ya dawo cikin akwati, da tuta a kai.
Tabawa na soya ƙosai a ƙarƙashin gadar Obalende,
fayil ɗin mijinta na barci a wani ofis
shekara goma sha tara, bai ko juya ba.
Duk wata takan biya kuɗin danfo
ta je ta karɓo “ki dawo”.

Na taɓa tambayar akawun sito:
harsashi nawa ke sayen buhu guda?
Ya yi dariya, ya daddanna waya,
ya ce, Baba, ya danganta da yadda dala ta kwana.

Akwai wata yarinya a bakin waccan gada,
ta ba ni ruwa a gwangwanin madara,
ba ta ce in biya ba.
Ƙasarta ta ci bashi don ta miƙe tsaye.
Jikokin yarinyar nan, da ba a ko raɗa musu suna ba,
su za su biya kuɗin ruwa.

Jirgi ya yi kuka. Teku na wari irin na jiya.
Ladanin masallacin direbobi ya gyara murya.
Na buɗe littafin gadi, na lashi bakin biro,
na rubuta abin da ake biya na in rubuta:
An kwana lafiya. Babu abin da ya ɓata.