Bargon Ƙyallaye

Tun watan Rajab nake tara ƙyallaye
a gwangwanin biskit, ƙarƙashin gado,
inda lemar Agege ba ta kai ba tukuna.
Ɗan'azumi tela, na bakin titin jirgi,
ya ce, "Goggo, me za ki yi da shara?"
Na ce, "Zuba min dai. Jika ke tafe."

Ga shuɗin adire na Iya Risikatu.
Sau uku na wanke shi, yana zuba,
ya rina min baho, ya rina min farce.
Bakinta ma haka yake.
Shekara ashirin muna faɗa a kan famfo ɗaya,
amma ita ta riƙe ni ranar da aka fita da Malam.

Ga farar shaddar Malam ɗin,
wadda yake sawa ranar Juma'a
in ya wanke jinin mayankar Oko-Oba.
Jan goro na nan a bakin aljihu.
Ban yanke wurin ba.
Na sa shi a tsakiya,
daidai inda ƙirjin yaro zai kwanta.

Sai ɗan kore daga rigar makarantar Ladidi,
da ragowar ankon bikinta,
atamfa mai tsada da ban gama biya ba
sai da cikin nan ya kai wata huɗu.

Idona ya daina ganin kafar allura.
Lekan, ɗan ɗaki na uku, ke zura min zare,
ladansa ƙuli-ƙuli biyu,
jiya ya ce farashi ya tashi.
In aka ɗauke wuta na kafa fitilar waya a kan tulu,
janareton maƙwabta na tari a kunnena,
sauro na karɓar nasa rabon.
Jirgin ƙasa ya wuce, gidan ya girgiza,
ɗinkin ya karkace kamar layin unguwarmu.
Ban warware ba.
Gara yaro ya san garin da ya zo.

Ladidi ta ce, "Inna, kina wahalar da kanki.
Akwai shi a Balogun, mai laushi, da hoton zomo.
Kuma wa ke neman bargo a zafin Ikko?"
Na ce, "Damina na nan tafe.
Na Balogun kuwa bai san kowa ba."

Saura gefe ɗaya.
Asubar Talata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Wasiyu ya kira, Hausarsa na tuntuɓe:
"Mama, ya zo! Mama, biyu ne!"
Ashe ɗaya ya laɓe bayan ɗan'uwansa,
har hoton asibiti bai gan shi ba.

Na cusa bargon a leda, allura na jikinsa.
A danfo, cunkoso ya tsare mu kafin Ikeja,
na buɗe shi a cinya na ci gaba.
Direba ya taka burki, allura ta shige yatsa,
ɗigon jinina ya sauka kusa da goron Malam.
Wata mata a gefena ta riƙe min bakin ƙyalle,
ba ta tambaye ni komai ba.

Almakashi na cikin jaka.
Tun daga gida nake lissafi:
in raba shi biyu, kowa da nasa.
To, wa zai sami shaddar?
Wa za a bari da adire mai zuba?

Na same su kwance, jajaye, kamar ɗanyen dabino,
ƙafar wannan a kan cikin wancan.
Wata tara suna haya a ɗaki ɗaya.
Na ciji zare,
na lulluɓe su duka.
Ƙafa ɗaya ta leƙo waje.
Gobe zan koma wurin Ɗan'azumi.