Tagar Kati

Aikina kira ne.
Shekara tara ina zaune bayan tagar kati
a wani ƙaramin asibiti can gefen Gwammaja,
ina watsa sunaye cikin taro
kamar mai watsa wa kaji tsaba.
Wanda ya ji, ya taso.

Wata Talata na kira Tasi'u Inuwa.
Shiru.
Na sake kira har jijiyar wuyana ta miƙe.
A na uku na haɗa da tsaki,
na tura katinsa ƙarƙashin tuli,
na ce, mutanen nan dai,
a yanki kati a tafi teburin mai shayi.

Ashe yana nan.
Benci na biyu, jikin ginshiƙi,
da awon tela rataye a wuya,
da yarinya a cinya, jikinta rau kamar garwashi.
Tun hantsi idonsa ke kan bakina,
ni kuwa bakin nawa na cikin takunkumi.

Aka yi azahar. Aka yi la'asar.
Benci ya karkaɗe mutanensa ɗaya bayan ɗaya,
ya rage saura shi.
Hansai mai shara ce ta dafa kafaɗarsa,
ta nuna kunne, ta juya tafin hannu.
Ya gyaɗa kai.
Ta waiwayo ta dube ni ba ta ce uffan ba,
kuma ban taɓa shan faɗa mai zafin wannan ba.

Ya karɓi birona, ya juya katin,
ya rubuta kalma biyu:
Tun safe.

Daren nan tuwo ya ƙi wucewa.

Washegari na yayyanka kwalin magani,
na zana lambobi manya, kowace kamar tafin ƙafa,
ina ɗagawa sama, ina jin na gama da duniya.
Sai ga Malam Barau da sandarsa:
'Yar nan, yau an yi sata a bakinki ne?
Ni takardarki da bango duk ɗaya.
To. Na koma ina ɗagawa ina kira,
hannu na aiki, baki na aiki.

Sai Iya Tabawa ta dawo da ambulan ɗin ƙwayarta.
An rubuta mata biyu sau uku,
ta shanye shida a zama guda,
ta kwana ɗaki na juya mata.
Laifin wa?
Na zana rana tana leƙowa, ɗigo biyu.
Rana a tsaka, ɗigo biyu.
Wata, ɗigo biyu.
Ta kai takardar kusa da hanci, ta daɗe,
ta ce, watan naki ya fi kama da ayaba,
amma na gane.

Maganar hannu kuwa, a wurin Hansai nake ɗauka,
ƙaninta a Tudun Maliki ya yi karatu.
Bayan an tashi, ta jingine tsintsiya,
ta lanƙwasa min yatsu kamar mai koya wa yaro alwala.
Yatsuna masu taurin kai ne.
Ran da Tasi'u ya dawo, na sauke takunkumi,
na tambaye shi jikin yarinya da hannu.
Ban san me na faɗa ba,
ya yi dariya har ya riƙe ginshiƙi,
sannan ya kama hannuna ya gyara min
yadda yake gyara wuyan riga.

Har yau fom ɗin da ake aiko mana daga sama
rubutunsa kamar ƙafar kiyashi,
har yau lasifikar ba ta da ido.
Ni dai tagata nake iya buɗewa.

Katin nan yana cikin aljihun teburina.
Kullum kafin in ɗaga suna na farko
sai in dubi benci na biyu,
in ga wa ke kallon bakina.