Jan Fenti a Kwalkwalawa

Kawunai biyu gare ni a Kwalkwalawa,
nono ɗaya suka sha, sana'a ta raba su.
Arzika ginin rijiya ya gada,
Labbo ya yi furfura a kan turakun lantarki,
igiya a ƙugu, filaya a baki.
Ni kuwa ofis ya aiko ni da tef da jan fenti
in auna inda babban layi zai ratsa fadama.

Bayan la'asar, a inuwar rumbun albasa,
Labbo ya ce, "Ku rataya ta bisa, ɗiyata.
Abin da ido ka gani, shi hannu ka gyara.
Iskar farkon damina ta tsinka waya da hantsi,
kafin kiran magariba mun ɗaure ta.
Kuɗin da za ku zuba rami daga nan zuwa gada
ya kai ku Wamakko ta sama, har da canji."

Arzika ya tofar da tukar goro.
"Awo, ido na gani. Na ɓarawo ma na gani.
Wa ya kwance kusoshin wancan dogon ƙarfe
har ya durƙusa kamar raƙumi a kasuwar Kara?
Shamuwa nawa na tsinta ƙarƙashin waya?
Daren raɓa ka ji tana ƙauri da tsaki
kamar an jefa ƙosai a mai.
Ku binne ta. Ƙasa ba ta tona asiri."

"Shi ne aibinta," in ji Labbo.
"Ran da ta yi ciwo can ciki, wa za ta gaya wa?
Mako uku kuna tono kamar masu haƙon gafiya,
gari na zaune a duhu.
Kuma wuta na zufa, Arzika.
A bisa iska ke mata fifita.
Ƙasar Sakkwato a tsakar bazara,
wadda ke ƙona tafin jaki,
ita ce za ta sanyaya ta?"

Arzika bai amsa ba.
Ya san gaba uku a nan sai marmara mai cin diga,
ya san shekarar da Rima ta tumbatsa
ta cike masa rijiya bakwai da laka.
Labbo ma ya yi shiru,
ya tura hannun hagu cikin aljihu,
wanda yatsu uku suka rage masa.

Sai Ige, uwarsu, daga bakin zana,
tana tsince gero ba ta ɗago ba:
"Giginyata fa?"

Na buɗe littafi.
In ta sama ne, tsawonta ya yi yawa.
In ta ƙasa ne, saiwarta na kan hanya.
Shafi biyu, gatari ɗaya.
Ƙwallon da ta binne shekarar da ta yaye Labbo,
da kabarta aka saƙa tabarmar da muke kai.

"To mu, za a sauke mana wutar?"
Na ce, "Inna, wannan ta fi ƙarfin gida.
Wucewa za ta yi."
Ta yi dariya har faifai ya karkace.
"Ashe wata giginyar za ku dasa.
Na nesa ka sha inuwa."

Da asuba na fita ni kaɗai.
Na cire turke daga gindin giginya,
na ƙirga taki sittin gabas, wajen fako,
na kafa, na shafa masa ja.
A rahoto na rubuta: wurin farko na riƙe ruwa.
Ba ƙarya ba ce duka.

Sama ko ƙasa, manya za su yanke a birni,
a ɗaki mai sanyi, in akwai wuta.
Fentin dai har yau
bai fita daga farcena ba.