Reza da Takardar Izini

Ƙarfe tara, sanyin Jos bai saki yatsuna ba.
Na shimfiɗa takardar kotu a kan tebur,
tawadar hatimin ko bushewa ba ta gama yi ba.
Dalyop ya tsaya shaida, biro a bayan kunne,
ni kuma da reza.

Kwalin sabulu ne, ɗaure da tsumman atamfa,
daga Gangare za shi Fatakwal.
Na'ura ta hango farin gari a ciki,
sikeli ya ƙaryata abin da aka rubuta a bayansa.
Doka ta ce in na yi zargi in tsare,
in nemo izini, in buɗe.
Ba ta ce komai ba game da ƙullin
da tsohuwa ta ja da haƙori.

Na yanka.

Daddawa ce ta fara yi mana sallama,
sai acca mudu biyu, kuka, busasshiyar kuɓewa.
Garin nan kanwa ce, an daka ta luƙui.
Dalyop ya lasa, ya yamutsa fuska, ya rubuta.
Can ƙasa wasiƙa ce da ajami,
ita ma tana cikin abin da aka ce in duba.

"Hambali, ƙafar ta yi sauƙi, kada ka damu.
Na sayar da akuyar nan mai kunne ɗaya.
Kada ka gaya wa yayarka.
In ka sha kunun, ka tuna akwai gida."

Yanzu mu uku muka san zancen akuya:
ita, da ni, da wanda bai karanta ba tukuna.

Ba na neman gafarar rezata.
Makon jiya ita ta farke cikin wata rediyo
ƙwayoyi suka zubo kamar tsabar masara,
waɗanda da sun isa Farin Gada
da wata uwa ta kwana tana ɗaure ɗanta.
Bara ita ta kai ni ga akwatin Baba Gyang,
inda na tarar da takardun fansho goma sha ɗaya na mutane,
shi da ya koya mini ware wasiƙu.
Na sa hannu a rahoton. Na kasa cin tuwo.

Amma yau na mayar da komai mazauninsa,
kanwa a gefe, wasiƙa a ƙasa,
na yi ta gwada ƙullin nan, ya ƙi ni.
Dole na naɗe da salatif ɗin ofis
mai cewa an buɗe bisa doka.
Hambali zai gani. Zai san an riga shi.

Da yamma na sauka a Dilimi.
A kan tabarma ga ambulan da sunan 'yata Nafisa,
bakinsa a ɗage, iska ma na iya karantawa.
Na ɗora kofi a kai don kada ya tashi,
na fita alwala.