Tsaga Uku da Ɗigon Dalma

Malam Ilu ya zo rumfata ran kasuwar Gujungu,
bayan la'asar, 'yan tattasai sun fara ɗaure buhu.
Ya kwance tsumma, ya kwance wani tsumman,
ya ajiye kamara tsakanin matattun agoguna.
Ya ce, "Sabitu, ita lafiyarta lau.
Ni ne nake ja da baya."

Ta girme ni. Fatar jikinta ta saɓule a gefe,
ƙarfen ya yi fari inda babban yatsa ke zama.
Na leƙa 'yar tagarta,
na ga tukunyar mai kunu ta rabu biyu.
Na murɗa gilashi, biyun suka taho, suka zama ɗaya.
Ya ce, "Wannan har gobe ina iyawa.
Na saman ne ya gagare ni."

Na saman ɗan majuyi ne, bai kai murfin kwalbar turare ba.
Shi ke gaya wa idon kamara tsawon ƙiftawarsa.
Lambobi sun kewaye shi kamar ƙwan tururuwa,
talatin, sittin, ɗari da ashirin da biyar,
gumi ya lashe baƙin da ke cikinsu,
haƙoransa sun sulɓe kamar tsohuwar taɓarya.
Sai an ɗaga shi kafin ya yarda ya juya,
ga yatsun tsoho sun ƙage, sun daina jin magana.

Ya ba ni labarin sunan jikan Hajjo a Taura.
Yana laluben lamba, ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa,
har aka yanka rago, har wanzami ya goge aska.
Da aka wanko fim a Kano bayan mako uku,
mutane sun fito kamar hayaƙi,
jaririn kuwa wani farin tabo ne a kan zani.
Ya mayar da kuɗi. Hajjo ta ce ya riƙe.
Ya ce wannan ya fi yi masa ciwo.

Na ce ya bar mini ita zuwa kasuwa mai zuwa.
Ya tafi yana waiwaye.

Da dare na ciro zoben tagulla daga cikin agogon bango,
na faɗaɗa bakinsa, na zaunar da shi a kan majuyi.
Na farko ya yi faɗi, yana gogar maƙwabcinsa,
na cire, na rage, na busa, na sake.
Sannan na ɗauki magagari kamar wanzami da aska:
tsaga ɗaya a sittin, don inuwar zaure,
biyu a gaba, don hantsi da gindin darbejiya,
ɗigon dalma a ɗari biyar,
don rana tsaka da yaran da ba sa tsayawa.
Uwargida ta leƙo ta ce fitilar ta mutane ce.
Na ce saura kaɗan.

Da ya dawo bai duba ba.
Ya rufe ido, ya ɗora yatsa,
ya bi tsagar kamar mai jan carbi.
"Sittin," in ji shi. Ƙas. Ya matsa. Ƙas.
Ya tsaya a kan dalma, ya yi dariya har da tari.
Yaran masu cajin waya sun taru suna tambaya
ina ake ganin hoton.
Ya nuna musu ƙirjinsa.

Kuɗin aiki? Ya ce in tsaya yadda nake,
gilashi a ido ɗaya, magagari a hannu.
Ya dubi sama, yatsansa ya koma tsaga biyu.
Ƙas.

Wata huɗu ke nan ban ga hoton ba.
In na tambaya sai ya ce saura goma sha ɗaya a cikin fim,
kuma ba kowace fuska ake ɓarnatar wa ɗaya ba.