Inda Hayaƙi Ba Ya Ganin Sama

Ƙarƙashin benen nan na bakin titin Kachia
rana ba ta taɓa leƙowa ba.
Shekara shida ina yagar tikiti a bakin gangara,
motoci na nutsewa kamar guga a rijiya.

Duk Alhamis Jatau zai zo da tsaninsa,
ya hau, ya shafa wa fankokin silin giris,
ya kasa kunne kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci.
Manaja Sallau ya ce ɓarnar dizal ce,
wa ya taɓa ganin kankare ya ci wuta?
Jatau ya ce, ranka ya daɗe, ba wutar nake tsoro ba,
ɗanta nake tsoro.
Hayaƙin murhu yana da sama, ya san hanyar gida.
Na nan ƙasa ba shi da taga
sai hancin mutum.

Kafin ya tafi yakan tsaya a ƙofar matakala
ya shure bulon da muke tokare ta da shi.
Mu kuwa zafi ya ishe mu.
Yana ba da baya mu mayar.

Ran Asabar, bayan la'asar,
wata tsohuwar Golf a layi na uku ta yi tari.
Ƙaurin roba ya riga ido gani.
Baƙin abu ya hau sama, ya daki kankare,
ya bazu yana lalube,
ya rasa mafita, ya fara saukowa
yana haɗiye fitilu ɗaya bayan ɗaya.
Na yi salati, muryata ta dawo mini da ɗaci.

Sai na tuna bulon.
A sama akwai teloli, akwai mai kitso da 'yan koyonta.
Da rarrafe na isa, gwiwa cikin baƙin mai,
na ture shi.
Ƙofa ta ja kanta ta rufe.

Sannan ƙarar nan da muke tsaki a kanta duk Alhamis
ta tashi.
Fanka ta miƙa wa fanka,
iska ta gangaro daga titi, na ji sanyinta a ƙeya,
ta tasa baƙin a gaba har bututun baya
yadda ake kora awaki daga shanya.
Tsakanin daɓe da mutuwa aka bar mana kamu uku.
Cikin kamu ukun nan Madam Rifkatu ta fito a duƙe,
'yarta a ƙirji, takalmi ƙafa ɗaya.
'Yan kwana-kwana suka sauka, iska na bayansu,
suna ganin abin da suka zo kashewa.

Jatau yana Kafanchan ranar, wurin bikin ƙanwarsa.
Alhamis ya iso kamar kullum,
ya daɗe yana duban silin da ya koma gawayi.
Bai tambayi kowa labari ba.
Ya ce in riƙe masa tsani.

Bulon yana ɗakina yanzu.
A kansa nake ɗora buta.