Juzu'i na Tara

Jirgin Yawunde na iso Ngaundere da hantsi
in bai makara ba, kuma yakan makara.
Ni da Bobbo muna bakin tasha,
ba baƙo muke jira ba,
kwalin Musye Belinga ne,
kwalin sabulu ɗaure da robar taya,
cike da mangar da yaran kudu suka gama da ita.
Jaka ɗaya da rabi in bango na nan,
jaka ɗaya in wani ya taɓa zuba masa shayi.

Mu shida muke adashi.
Wanda ya kwasa shi ke zaɓe,
sauran su bi layi, su wanke hannu.
Mai cin soya ba ya taɓa shafi,
mai naɗe kunnen takarda sai ya biya tara.

Ran da na fara kai ɗaya gida
kakana Malam Garga ya karɓa,
ya juya gaba, ya juya baya,
ya ga na buɗe daga inda boko ke rufewa.
Ya ce, “Af, wannan ya san hanya.
Daga dama yake tashi, kamar ajami.”
Ba ya jin Faransanci ko na sayen gishiri,
amma ya bi gidajen zanen da yatsa
har ya gane wane ne munafuki a cikinsu
tun kafin ni in gane.

Labarin wata yarinya ce mai gadin fitilar teku.
Juzu'i ashirin da biyu.
Na tara su a akwatin ƙarfe
kan bulo huɗu, don gara da laimar damina.
Na takwas ya ƙare ƙanenta na cikin ruwa,
hannu ɗaya a sama.
Na goma ya buɗe tana shan miya, ba ta ce komai ba.
Na tara fa?
Belinga ya ce wata mai zuwa.
Wata ya zo, ya ce jirgi mai zuwa.

Bobbo ya ce, “Yana cikin wayata, zo in tura maka.”
Na sha karanta wasu haka,
ina ware yatsu biyu kan gilashi
har caji ya mutu a tsakiyar faɗa.
Wannan dai na ƙi.
Taurin kai ne, na sani.

Shekara biyu yaron nan yana cikin ruwa.

Ƙanwata Astajam ce ta gaji.
Ta yage tsakiyar littafin lissafi,
ta sayi biro baƙi guda uku,
dare goma sha ɗaya a gindin fitila.
Tekunta ya yi kama da tafkin Dang,
ba ta taɓa ganin wani ba.
Idanu sun yi girma, hannaye duk na hagu ne,
amma ta jefa igiya,
ta fito da yaron yana tari.
Ta ɗinke da zaren Inna, ta rubuta tara a bango.

Makon jiya na ainihin ya sauka,
sabo fil, yana ƙamshin kanti.
Na karanta a tsaye, bayan masu babur.
Babu igiya.
Shafi huɗu ruwa ne kawai, ba ko kalma.

Yanzu in an ƙirga akwatina
ashirin da uku ake samu.
Mai aro kan tsaya a kan tara biyun
ya ce wanne zai ɗauka.
Nakan ce ya wanke hannu tukuna.

Malam Garga ya duba duka biyun.
Ya daɗe a kan shafukan ruwan nan.
Sannan ya miƙo mini na kantin,
na Astajam ya sa ƙarƙashin buzu,
har yau bai maido ba.